Kuka a ɗakin awo

Masu zagi a ƙarƙashin labarin nan na bincike kan ciwon damuwar masu ciki da jego, kun karanta labarin kuwa? Cewa ya yi mata masu sha'awar maza da mata sun fi fama da ciwon damuwa lokacin goyon ciki da jego, musamman masu auren namiji. Ban yi mamaki ba, ungozoma ce ni a Ingila. Mace za ta zo awo, miji na riƙe da jakarta, mu miƙa mata takardar Edinburgh ta gwajin ciwon damuwa, mai tambaya 10, ta cike kamar ba komai, yana fita amsa waya ta fashe da kuka. Kowa gani yake ya san ta, alhali ba ta da wanda za ta buɗe wa cikinta. Amma binciken a Kanada aka yi, inda faɗar hakan ba laifi ba ne. A Najeriya dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, to wace mai jego ce za ta gaya wa nas? Hajiya da kika rubuta "su suka jawo wa kansu", jaririn da uwarsa ta kasa barci, ta kasa ba shi nono, shi me ya jawo?