Cunkoson baƙi ba hujja ba ce ta sa wa kowace ƙofa kuɗin shiga

Masu tafiya da yawa sun ɗauka duk abin da babban birni ya bari kyauta ragowa ce, na ƙwarai sai an biya. Ba haka lamarin yake ba. A Landan, dutsen Rosetta, wanda da shi masana suka warware rubutun tsoffin Misirawa, yana nan a gidan tarihin British Museum, kuma baƙo zai tsaya gabansa har ƙafa ta gaji ba a tambaye shi ko sisi ba. A Washington, jirgin saman da 'yan gidan Wright suka tayar a 1903 yana ajiye a ɗaya daga cikin gidajen tarihin Smithsonian, shiga kyauta. A New York kuwa jirgin ruwan Staten Island tun 1997 ba a biyan kuɗinsa. Tafiyar kamar minti 25 ce. Ma'aikatan da ke komawa gida suna zaune ciki suna gyangyaɗi, baƙi kuma sun yi cincirindo a jikin ƙarfen gefe da wayoyi a sama, suna jiran a zo saitin mutum-mutumin 'yanci.

Wannan kyauta ba daga sama ta faɗo ba, masu biyan haraji ne ke ɗauke da ita. Birtaniya ta gwada hanyoyin biyu. A shekarun 1980 da 1990 wasu manyan gidajen tarihinta sun sa kuɗin shiga, masu ziyara suka ragu. Da aka cire kuɗin a Disamban 2001, masu shiga gidan tarihin Victoria and Albert na Landan sun ninka cikin shekara guda.

Amma ni ba yawan jama'ar ne ya fi jan hankalina ba, yadda mutum ke kallo ne. Wanda ya biya kuɗi mai tsoka yakan shiga da niyyar sai ya ci kuɗinsa. Zai bi ɗaki bayan ɗaki, bayansa na ciwo, yara na ƙorafi, ya fito bayan awa huɗu bai riƙe komai ba. Wanda bai biya ba yana da damar shiga ya kalli abu ɗaya tak, ya zauna a benci ya ƙare masa kallo, ya fita, gobe in ya ga dama ya leƙo. Wannan sakin jiki shi ne tikiti ke fara kashewa.

Yanzu kuwa iska ta juya. A 2018 gidan tarihin Metropolitan na New York ya daina barin baƙi daga nesa su ba da abin da ya sawwaƙa, ya yanka musu farashi. Pantheon, tsohon wurin ibada na birnin Rum, ya fara karɓar yuro 5 a Yulin 2023. A Janairun 2024 masallacin tarihi na Hagia Sophia da ke Istanbul ya sa wa 'yan yawon buɗe ido na ƙasashen waje yuro 25, ko da yake mai zuwa salla ba ya biya.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Dutse yana cinyewa, rufi yana yoyo, masu gadi da masu shara suna jiran albashi. Me zai sa ɗan gari ya yi ta biya wa wanda ya zo kwana uku ya wuce? Sai dai hujjar ta cakuɗa abu biyu, kuɗin gyara da cunkoso. Yuro 5 ba zai hana wanda ya iya biyan kuɗin jirgi da otal shiga ba, don haka layin yana nan yadda yake. Idan kuma aka tsauwala har layin ya ragu, a duba waɗanda suka fita daga cikinsa: ɗalibi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ɗan ci-rani da ya samu hutun yini ɗaya. Batun kuɗin gyara kuma, Paris da Rum da Berlin duk suna karɓar harajin kwana daga masu sauka a otal. Baƙon ya riga ya biya, ba a bakin ƙofa ba ne kawai.

Maganin cunkoso an riga an samo shi. Kubbar gilashi da ke saman majalisar dokokin Jamus kyauta ake hawa, sai dai mutum ya yi rajista tun da wuri, a ba shi lokaci, ya zo da fasfo. Cocin Notre-Dame na Paris ma, da ministar al'adun Faransa ta lokacin, Rachida Dati, ta kawo shawarar a riƙa karɓar yuro 5 kafin sake buɗe shi a Disamban 2024, shugabannin cocin ba su yarda ba. Aka bar ƙofa a buɗe, tare da damar kama lokaci kyauta ta intanet.

Ba na cewa kyauta tana wanke komai. British Museum yakan kafa hujja da cewa kowa na iya zuwa ya ga tagullan masarautar Benin ta Najeriya da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Kowa ɗin nan, sai wanda ya samu biza.

Abin da ya rage wa baƙo shi ne ya buɗe ido. Tsarin kama lokaci ya haifar da 'yan tsakiya masu sayar da tikitin da asalinsa kyauta ne, kuma shafukansu sukan riga na gaskiya fitowa idan an yi bincike a waya. A kusa da tashar jirgin Staten Island ma an daɗe ana kokawa da masu tare baƙi suna tallar tikiti, alhali ƙofar jirgin ba ta da wurin biya.