Gado-gado a wurin cin abincin ofis, da kwaɗon da muka raina

'Yan uwanmu masu zuwa Indunusiya aiki ko karatu, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana damuna. Mutum zai shekara a Jakarta bai san komai ba sai soyayyar shinkafa da soyayyar kaza da Indomie. Da ya ga ganye a faranti sai ya yamutsa fuska, wai shi ba akuya ba ne. Asara ake tafkawa, kuma tun daga gida aka ɗauko ta.

A wurin cin abincin ma'aikatarmu akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Ibu, wato uwa. Layinta ya fi na mai kaza tsawo, kuma ba ta da komai sai ganye. Wani abokin aikina mutumin tsibirin Jawa ne ya ja hannuna ranar nan, ya ce, "Ɗan'uwa, yau dai sai ka ci gado-gado." Ba ta haɗa miyar ta ajiye, sai ka tsaya a gabanta take yi. Ta tambaye ni barkono nawa, ta jefa su a wani faffaɗan turmin dutse da tafarnuwa da gishiri, ta murje, ta zuba soyayyar gyaɗa, ta gutsuro mazarƙwailarsu da ake dafawa daga ruwan furen kwakwa, ta tsiyaya ruwan tsamiya, tana niƙa har abin ya yi kauri yana sheƙi. A cikin turmin nan ta watsa dafaffen kabeji, da tsiron wake, da dogon koren wake, da alayyafo, da dankalin Turawa, ta yayyanka awara da tempe da ƙwai, ta cakuɗa. Ta ƙara yankan lontong, shinkafar da ake dafawa a naɗe cikin ganyen ayaba har ta dunƙule, ta barbaɗa soyayyar albasa a sama.

Loma ɗaya na yi na ce, ai wannan kwaɗo ne. Duk wanda ya ci kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya san hanyar: dafaffen ganye, gyaɗa, yaji, ɗan tsami. Bambancin shi ne mu muna matse man gyaɗar mu yi amfani da ƙulin, su kuwa da manta suke niƙa ta, shi ya sa nasu ya fi maiƙo, ya fi riƙe ciki.

Ba zan ce komai nasa ya yi mini ba. Zaƙin ya yi yawa. Harshen Bahaushe bai saba da sukari a abincin rana ba, kuma mutanen Jawa ta Tsakiya ma sun fi na Jakarta son zaƙi. Tempe kuwa sai da na saba. Waken suya ne ake dafawa a bar shi ya kwana biyu har farin fumfuna mai amfani ya haɗe shi ya zama curi, a yanka a soya. Wanda ke jefa daddawa a miya kullum bai kamata ya ji ƙyamar wannan ba, amma ka ga mutanenmu suna toshe hanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ɗanɗanon ba ne. Manajanmu da mai gadi layi ɗaya suke bi wurin Ibu, babu mai jin kunyar a gan shi da farantin ganye. A 2018 ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ware abinci biyar a matsayin na ƙasa: soto (romo), rendang (naman da ake dafawa da madarar kwakwa), sate (tsire), nasi goreng (soyayyar shinkafa), da wannan gado-gado. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mutanen Sunda da ke yankin Bandung suna da karedok, wanda ganyensa ɗanye ne. A garin Madiun da ke Jawa ta Gabas ana alfahari da nasu kwaɗon, pecel. Akwai urap, da ake kwaɗawa da gogaggiyar kwakwa. Kowane yanki yana tinƙaho da kwaɗonsa.

Mu fa? Kwaɗo a wurinmu abincin talla ne, na 'yan mata a bakin makaranta, ko na gidan da cefane ya gagara. Ka shiga wurin cin abincin babban ofis a Kano ko Kaduna ka nema, sai a dube ka kamar ka yi saɓo. Zogalen da muke jin nauyin ci a gaban baƙi kuwa ana niƙa shi a sayar a kwalba a Turai da tsada. Indomie da yaranmu suka ɗauka tamu ce, asalinta na Indunusiya ne, kamfanin Indofood ke da sunan. Mun karɓi taliyarsu hannu bibbiyu, mun bar abin da su kansu ke ci da rana.

Ga mai son gwadawa: gado-gado ba shi da nama, amma wasu masu sayarwa na saka terasi, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka bari ya ruɓa, kuma krupuk, soyayyen abu mai ƙaras-ƙaras da ake ɗorawa a gefe, sau da yawa da jatan lande ake yinsa. In jikinka ba ya karɓarsa, ka faɗa wa mai sayarwar kafin ta fara niƙa. Mai rashin jituwa da gyaɗa kuwa kada ma ya kusanci layin. Ni yanzu ce wa Ibu nake ta rage mazarƙwaila, ta ƙara barkono, ta matsa mini lemon tsami.