Bitar 'yan kwanaki ba ta sauya malami

Wani labari ya ce za a horar da malaman likitanci kan koyarwa ta hanyar warware matsala. To madalla, amma bitar 'yan kwanaki ba za ta wadatar ba. Jami'ar McMaster ta Kanada da ta faro tsarin a 1969, ƙananan rukunai ta yi: a kawo labarin majiyyaci, misali yaro mai zazzaɓi da jijjiga, ɗalibai su yi ta tono, malami ya kame bakinsa sai dai ya jefa tambaya. Kame bakin nan shi ne aiki, balle ga farfesan da ya saba da lacca. Duk mai cewa tsarin ɓata lokaci ne, ya taɓa zama a cikin irin wannan rukuni? Ni damuwata, in aji ya cika maƙil, ina za a samo malamin kowane rukuni?