Alhaji, mabuɗin shagonka yana aljihun wa?

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, da wuya ka shiga shago a Kantin Kwari ko Singa ka rasa na'urar POS a kan kanta. Moniepoint, OPay, PalmPay, kowa da tasa. Madalla. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya na je sayen shadda wurin wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa. Na ce zan tura kuɗi, sai ya ɗaga murya: "Kai, zo ka ba shi lamba." Yaron shago ya karanto, suna ya fito, na yaron ne. Ashe da BVN ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta banki, aka buɗe asusun, layin da saƙon banki ke shiga ma da NIN ɗinsa, lambar shaidar ɗan ƙasa, aka yi rajista. Da na tambayi lambar sirri, Alhaji dariya ya yi, wai wannan harkar 'yan zamani ce.

Mutumin nan fa ko ƙaninsa bai taɓa bari ya kwana da mabuɗin sito ba.

Ban ce yaron macuci ne ba, na san shi da amana. Amma ranar da suka saɓa, ko ya kafa nasa shagon, ko ta Allah ta kasance, a wurin banki kuɗin na mai BVN ne, sai a tsaya shari'a da magada. Lambobin 'yan sari da ke WhatsApp su bi shi, lissafin bashin da ke wayar ma haka. Cinikin shekaru ya tafi a aljihu guda.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A yi wa kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a buɗe asusu da sunan kasuwancin, layi ya zama na mai shago. Yaro ya karɓi kuɗi, amma fitarwa sai da hannun Alhaji. Kada kaya ya fita don an nuna hoton rasit, sai an ga kuɗin a cikin manhaja, don masu alat na bogi ba su yi barci ba. Da yamma a haɗa takardar POS da littafi.

Na faɗa wa Alhaji haka. Ya yi shiru, ya naɗe mini shadda, sannan ya juya ya ce wa yaron: "Gobe da safe za mu banki."