Ɗan Damagaram, kafin ka biya kuɗin yawon jirgin ruwa zo mu yi lissafi

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun shekaranjiya da wani ƙanena ya turo mini hoton wata talla a WhatsApp abin yake ta yi mini yawo a rai, wai sati guda cikin jirgin ruwa a Bahar Rum, ci da kwana duka Yuro 500, ya rubuto mini "Yaya in kama ne? ina so in kai amarya." Na ba shi amsa a taƙaice amma na ga ba shi kaɗai ba ne, yanzu samarinmu da ƴan kasuwarmu suna ganin hotunan nan a Facebook da TikTok ransu yana biyawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona, tunda Allah ya sa na shiga sau biyu, ɗaya a kogin Nilu ɗaya a teku.

Ni dai ba na cikin masu cewa wannan almubazzaranci ne ko aikin Nasara. Mu da muka tashi a garin da ruwan famfo ma sai an yi tsaron dare ana jiransa, garin duwatsu da ƴan garuwa, wanda babban ruwan da yawancinmu muka sani bai wuce tabkin Gidimuni ba, wallahi akwai abin da yake shiga zuciyar mutum in ya tsaya da asuba ya duba gabas ruwa, yamma ruwa, babu tudu babu bishiya. Kakana da ƙafa ya tafi aikin hajji ta Cadi da Sudan, a Sawakin suka hau jirgi suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma har ya koma ga Allah in ana hira ba ya wuce labarin daren da ya kwana kan ruwan nan. Sai da na tsaya a bayan jirgi ina kallon farin kumfa yana bin mu sannan na gane me tsohon yake nufi. To tafiya ce mai kyau, wanda Allah ya hore masa ya je. Amma Yuro 500 ɗin nan ba da mu ake ba.

An rubuta tallar ne don mutumin da yake zaune a Marsai ta Faransa ko Barsalona ta Espanya, wanda zai ja balis ɗinsa ya shiga taksi minti ashirin yana bakin jirgi. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne kamar yadda kowa ya sani, wato dai 656, to Yuro 500 ya kama wajen jika 328, mutum biyu jika 656. Kai kuwa tafiyarka daga tashar kar take farawa, kilomita wajen 900 zuwa Yamai, wuni guda cur a zaune, sannan kwanakin Yamai wajen neman biza, sannan biyen jirgin sama zuwa da dawowa wanda shi kaɗai ya fi kuɗin jirgin ruwan, sannan otel na dare ɗaya a garin da jirgin zai tashi. Wannan daren kar ka ce za ka yi tattalinsa. Jirage daga Yamai sai an canza a Kasabalanka ko Istanbul ko wani wuri, in aka samu jinkirin awa huɗu kawai ka sauka jirgin ruwa ya riga ya ɗaga, kuɗinka ya tafi babu mai mayar maka. Ka isa tun ana gobe, ko da ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da tasha.

Maganar biza ita ce inda na fi so a tsaya a ji da kyau, domin nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, wajen jika 59, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Sai an ga asiransin lafiya da ya kai Yuro 30.000, da takardun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, saboda haka hanyar da aka saba bi da can ta canza, ka fara bincike da wuri, wata uku kafin tafiya ba su yi yawa ba. Biza ɗaya tana shigar da kai Espanya da Faransa da Italiya da Malta, wannan daidai ne. Amma ka ɗauki jadawalin jirgin ka karanta shi tasha bayan tasha, domin akwai masu tsayawa a Tunis, akwai masu zuwa Turkiyya, waɗannan ba sa cikin Shengen, da zarar jirgi ya taɓa can ka fita ke nan, komawa kuma sai mai bizar shiga da yawa. Mai shiga sau ɗaya ana iya tsayar da shi tun a bakin jirgi ranar farko, ko da ya rantse ba zai sauka a Tunis ɗin ba. Na ga wata baiwar Allah ƴar wata ƙasa ta Afirka ta Yamma da ƴaƴanta biyu a gefen layi tana kuka da takardu a hannu, mu muna wucewa muna shiga, har yau ina tuna yadda ƙaramin ya riƙe gefen zanenta yana kallon jirgin. Kar ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida, ka haɗa da katin rigakafin shawara.

Shi ya sa na ce wa ƙanen nan nawa, kuma nake ce wa duk wanda zai fara, ka fara da Nilu. Mutane suna raina shi don ba shi da katafaren jirgi mai hawa goma sha wani abu, amma ni shi ya fi zauna mini a rai. Tsakanin Luksor da Aswan a ƙasar Masar ake yi, dare huɗu in ka taso daga Luksor, dare uku in daga Aswan ne, jiragen ƙanana ne kowa ya san fuskar kowa, babu igiyar ruwa babu jiri, abinci halal ba sai ka yi ta tambaya ba, kiran salla kuwa kana jinsa daga gaɓa biyu, wannan masallaci ya ɗauka wancan ya amsa. Kana zaune a saman jirgi dabino da rake da ayaba suna wucewa, yaro yana kora jaki, mata suna wanki, bayan ɗan koren nan kuma sai hamada tsirara, uwargida ta dube ni ta ce "Malam ai wannan kamar lambun Mirya ne aka shimfiɗa shi bakin ruwa." A Esna akwai ƙofar ruwa inda jirage suke jiran layi, nan ne ƴan talla suke zuwa da ƙananan kwale-kwale su ɗaure a jikin jirgi, su naɗe jallabiya cikin leda su wurgo ta har saman bene, ka buɗe ka duba, a yi ciniki da ihu da yatsu, in kun daidaita ka sa kuɗi a leda ka jefa musu in ba ku daidaita ba ka mayar da rigar. Ɗan kasuwar Dole ba zai ji baƙunta ba a nan ko kaɗan. Ana tsayawa Edfu da Kom Ombo inda aka ajiye gawarwakin kadoji tun zamanin Fir'aunoni, kuma wanda ya karanta labarin mutanen nan tun yana makarantar allo in ya ga girman abin da suka gina suka tafi suka bari, jikinsa sai ya yi sanyi. Ka je tsakanin Oktoba da Afrilu, zafin Aswan na bazara ko mu da muka saba da watan huɗu na Damagaram sai mun ji shi.

Na teku kuwa wata duniya ce daban. Akwai jirgin da ake kira Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa wajen mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7.600, gari guda ke nan yana tafiya kan ruwa. Wanda na shiga bai kai shi ba amma kwana biyu na yi ina ɓata tsakanin ɗakina da wurin cin abinci. A ciki ba a taɓa kuɗi da hannu, kati suke ba ka, shi ne makullin ɗaki shi ne aljihunka, ka sha lemo a goga, ka sayi ruwan kwalba a goga, hoto a goga, ba ka jin zafin fitar kuɗi sai daren ƙarshe da za a kawo maka takarda. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗorawa kowane dare, mu Yuro 12 aka cire wa kowane mutum, dare bakwai mu biyu Yuro 168, sama da jika 110 da ba ta cikin lissafina. Ban ji haushin wannan ba don na ga yadda yaran nan suke aiki, watanni ba su ga iyalinsu ba, amma da na sani tun a gida da na ware shi. Ka riƙa duba lissafinka kullum a telebijin ɗin ɗaki. Waya kuma da zarar an bar gaɓa ka sa ta a yanayin jirgin sama, rezon tsakiyar teku ta tauraron ɗan adam yake bi, yana lashe kiredi cikin mintuna.

Ɗaki iri-iri ne, na ciki marar taga shi ne mai araha kuma shi ake sawa a talla, sai mai taga, sai mai baranda. In kuɗi ya yi kaɗan na ciki ba laifi, barci kawai za ka yi, sai dai ka sa agogo don ba za ka san gari ya waye ba. In kana tsoron jiri nemi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, nan ne ba ya rawa sosai, ka sayi maganin tashin zuciya a farmasi tun a gida.

Sai abin da talla ba za ta taɓa gaya wa Musulmi ba. A jiragen Turai akwai giya ko'ina, akwai gidan caca, bakin wurin wanka kuma shiga ce da ba za ka so idonka ko na iyalinka ya sauka a kai ba, duk wanda ya ce maka ba haka ba ne bai je ba. Ana iya kauce musu, jirgin da faɗi, mu mun samu wani lungu a baya inda muke zama da shayi bayan la'asar babu mai damunmu, amma ka san da shi kafin ka ɗauki Hajiya ko mahaifiya. Abinci ka tsaya kan kifi da ƙwai da ganye da taliya, ka tambaya ko an sa giya a miya, ka sanar da kamfani tun lokacin biya cewa ba ka cin alade. Ka tafi da yajinka da ƴar ƙaramar buta don bayinsu babu ruwan tsarki, amma kilishi ka bar shi gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama ko madara a kaya daga ƙasashenmu. Salla a ɗaki muke yi, alƙibla tana canzawa da juyawar jirgi, taswirar telebijin tana nuna inda ya dosa daga nan kake kimantawa, maganar ƙasaru kuma ka zauna da malaminka kafin ka tashi. Ga wanda wannan ya dame shi ƙwarai, Saudiyya ta fito da nata mai suna Aroya a Disambar 2024, ya fara tashi daga Jidda cikin Bahar Maliya, babu giya babu caca, shi nake da niyya in Allah ya nufa, ko don in bi ruwan da kakana ya bi.

Abu biyu ba a wasa da su. Ranar farko akwai atisayen ceto, za a nuna maka rigar ruwa da wurin taruwarka, ka je ka saurara. Tun hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia na Janairun 2012 a gaɓar Italiya inda mutum 32 suka rasu aka tsananta shi, mu kuma yawancinmu ba mu iya iyo ba, to mu muka fi kowa bukatarsa. Na biyu lokacin komawa jirgi. Ranar da muka tsaya a tashar da ake zuwa birnin Rum, wajen kilomita 80 ne tsakani, muka ƙi motar kamfani don tsada muka shiga jirgin ƙasa da kanmu, a dawowa aka samu jinkiri, muka iso saura minti kaɗan a janye gada, uwargida ta cire takalmi ta riƙe a hannu muna gudu a kan siminti, numfashinta yana fita da ƙyar, mutane a saman bene suna kallonmu. Ba zan so wani ya ga abin da na gani a fuskarta ba ranar. In da motar kamfani ce ta makara jirgi zai jira, in da kanka ka fita ba ya jiran kowa, sai ka nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinka. Fita da kanka ya fi araha nesa ba kusa ba kuma na fi son sa, amma ka dawo da saura awa biyu, ka tafi da hoton fasfo da lambar wakilin jirgi da suke bugawa a takardar ranar.

Ƙanena ya ɗan yi shiru da na lissafa masa, na san ransa bai so ba, yana ganin kamar na kashe masa gwiwa. Na ce masa kar ya taɓa jari kar ya ci bashi, ya shiga adashi in ya so, ya fara sabunta fasfonsa da na amarya a wannan watan. Ya ce zai zo gida Birni ranar Juma'a bayan isha'i da takarda da biro mu duba na Nilu na watan Disamba.