'Yanci daga me?

Jama'a, akwai wani irin gajeren fim na rawa da ya ishe ni. Kun san shi: budurwa ita kaɗai a fili fetal, doguwar riga fara, iska na kaɗa mayafi, an rage gudun hoton har kamar tana iyo. Bayan minti uku sai a rubuta "'yanci" a ƙasa. Duk sanda na kalla, tambayata ɗaya ce: 'yanci daga me? Wa ya ɗaure ta? Ba katanga, ba mai hana ta, ba abin da za ta rasa. Tallar turare ce aka cire kwalbar.

A ganina, fim ɗin rawa ba shi da bakin maganar 'yanci sai mun ga ƙangin tukuna.

A 1945 mai shirya fim Maya Deren ta yi wani fim na 'yan mintuna a Amurka, ba sauti, da ɗan rawa baƙar fata Talley Beatty. Ya ɗaga ƙafa a cikin daji, ya sauke ta a cikin ɗaki, can kuma sai ga shi a zauren gidan tarihi. Dabarar yanka hoto ce da haɗawa, yau yaro ma zai yi ta a waya. Amma ku dubi shekarar. A lokacin, a kudancin ƙasar, doka ce ke nuna wa baƙar fata ƙofar da zai bi, kujerar da zai zauna a bas, har famfon da zai sha ruwa. Mutumin da ake auna wa inda zai taka, sai ga shi ya ƙetare bango da taku ɗaya. Dandamali ba zai iya ba shi wannan ba, sai kyamara. Shi ya sa nake ganin fim ɗin rawa sana'a ce mai zaman kanta, ta wuce a kafa waya a ɗauki mai rawa.

Wani lokacin ma ƙangin ba a cikin hoton yake ba, yana bayan kyamarar. A 2014 an kama matasa shida a Tehran, babban birnin Iran, saboda bidiyon rawa da suka yi a kan rufin gida, aka yanke musu ɗauri da bulala 91, kodayake an jingine hukuncin. Ba sai kana sha'awar rawa ba kafin ka gane cewa waɗannan sun san abin da suka taka.

Sai yaron nan na Legas, Anthony Madu, da aka ɗauka a 2020 yana rawar bale (ballet ta Turawa) ba takalmi, ruwan sama na dukansa, a kan siminti. Shekararsa 11. Ba fitila, ba ado, bidiyon bai kai minti ɗaya ba, amma kowa ya ga abin da yake fama da shi. Daga baya ya samu gurbin karatun rawa a Ingila.

Abin da ya rage yana damuna shi ne mai riƙe kyamarar. Sau da yawa fim na iƙirarin ƙarfafa mata, amma ka lura da inda idon kyamarar ke sauka: ƙugu, wuya, cinya, an yanka mace gunduwa-gunduwa, fuskarta ma da ƙyar. Ni yanzu nakan jira sunayen da ake nunawa a ƙarshen fim, in ga ko ita mai rawar tana cikin waɗanda suka tsara, ko kuwa hayarta kawai aka yi.