Shari'ar Filinmu Ta Girmi 'Yata

Ranar Lahadi da daddare yayana ya kira ni daga Jos. Bayan mun gaisa na tambayi lafiyar Hajiya da yara, sai ya ce, "An sake ɗagewa, sai bayan hutun alƙalai." Ban tambaye shi me aka ɗage ba. Shari'ar filin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya saya a wajen Rikkos ce. Lokacin da aka shigar da ƙarar matata tana da cikin 'yarmu ta fari, yau ga yarinyar tana sakandare a nan Manchesta. An yi shekara huɗu ana sauraron shaidu, aka canja wa alƙalin wurin aiki, aka koma farko. Muka yi nasara, abokin shari'armu ya ɗaukaka ƙara. Ana cikin wannan Baba ya rasu, biyu daga shaidunsa suka bi shi.

Akan ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. To, mai ciki dai wata tara take yi.

Tsanin kotunanmu dogo ne. Talaka yakan fara daga kotun yanki ko ta majistare. In maganar aure ce ko gado ko wasiyya ko riƙon yara tsakanin Musulmi, ɗaukaka ƙara sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha. In rikicin mallakar fili ne ko bashi, sai Babbar Kotun Jiha. Daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana kuma da reshe a Jos, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. A mararrabar nan mutanenmu da yawa suke ɓata: a kai rikicin mallakar fili kotun Shari'a, a shekara nawa ana fafatawa, rana ɗaya kotun sama ta ce ai tun farko wancan alƙalin ba shi da hurumi, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ba shi ba. Duk kuɗin lauya da na mota da na buga takardu sun bi ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne saman tsanin. Kundin ya ba mutum damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ba tare da neman izinin kowa ba, muddin lauyansa ya ce maganar ta fassarar doka ce zalla. Wane lauya ne zai rasa irin wannan magana? Shi ya sa rikicin kanti da na gona da na kujerar gwamna duk suke layi a ƙofa ɗaya, gaban alƙalan da ba sa wuce ashirin da 'yan kai, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

A nan Ingila na taɓa kai ƙarar wani mai garejin gyaran mota. Ta intanet na cike takarda, a sashen ƙananan ƙararraki da ke sauraron abin da bai wuce fam dubu goma ba. Bayan wasu watanni muka zauna gaban alƙali a wani ɗan ɗaki, ba lauya, ba doguwar riga, kafin azahar an yanke hukunci. Alƙalin ya gaya wa mutumin cewa in yana son ɗaukaka ƙara yana da kwana 21, kuma sai an ba shi izini, sai ya nuna inda aka yi kuskure. Bai nema ba, ya biya. Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda ta fara aiki a 2009 da alƙalai 12, ita take zaɓen abin da za ta saurara, ba ta karɓar ƙara sai wadda hukuncinta zai shafi al'umma baki ɗaya, kuma abin da take saurara a shekara bai kai ɗari ba. Su ma suna da nasu ciwon, don shari'o'in manyan laifuka da ke jiran sauraro a Ingila da Wales sun haura dubu saba'in a 2024. Amma a nan mai kuɗi ba ya sayen lokaci da sauƙin da yake saye a gida.

Mu 'yan Filato mun ga yadda ake sayensa. A 2007 EFCC ta gurfanar da tsohon gwamna Joshua Dariye. Gardama kan ko ma a yi shari'ar ko kada a yi ta hau tsanin nan har Kotun Ƙoli, sai a 2015 aka ce a koma a fara. Hukunci ya zo a 2018. Shekara takwas kafin shaida ya buɗe baki! Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta zo ta hana dakatar da shari'a saboda irin wannan ɗaukaka ƙara, ta kuma ƙayyade sau nawa za a ɗage. Shari'ar fili da gado da bashi, inda talaka ya fi yawa, ba ta samu irin wannan gata ba.

Na san in na ce a rage ƙarar da ke isa Kotun Ƙoli za a ce mini ai ita take gyara kuskuren kotunan da ke ƙasa da ita, kuma maganar tana da nauyi. A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen Gwamna Caleb Mutfwang, a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuskure ne, ta mayar da shi. 'Yan majalisar dokokin jiha 16 da aka cire a kan hujja ɗaya da ta gwamnan ba su da inda za su, domin shari'ar zaɓen 'yan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Wannan ya nuna mini cewa in za a rage ƙofar sama, dole a gyara ƙasa tare da ita: a ƙara alƙalai, a raba su da rubuta kowace kalma da hannu, a bar alƙali ya ƙarasa shari'ar da ya fara ko an canja masa wuri, wanda ya karɓi na goro kuma Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta kore shi kowa ya ji.

Shari'ar zaɓen ma hujja ce a gare ni. Kundin ya ce kotun sauraron ƙarar zaɓe kwana 180 take da shi, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma alƙalanmu suna cika wa'adin nan, har su kwana suna rubutu. Ashe ana iyawa. Me ya sa kujerar ɗan siyasa take da wa'adi, gadon marayu ba shi da shi? Ina roƙon 'yan majalisarmu na Abuja, in sun zauna gyaran kundi, su sa wa shari'ar fili da gado wa'adi irin wannan, su kuma tsayar da mafi yawansu a Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai wadda Kotun Ƙoli da kanta ta ga tana da darasi ga ƙasa.

Kafin mu yi sallama yayana ya ce Hajiya ta fara maganar a haƙura a bar wa mutumin filin, ta gaji da ganin ana sayar da awaki ana biyan lauya. Na ce, "Yaya, ka ba ta haƙuri, zan turo kuɗin zama na gaba." Ya yi shiru, sannan ya ce shaidan Baba na ƙarshe ma yana kwance ba lafiya.